Targaɗe da kumburi: yadda zaka sa ƙanƙara daidai a kwana ukun farko

Akwai wani yaro a ƙungiyar ƙwallon da nake kula da ita a unguwarmu, shekararsa 16, ranar wata Asabar bayan la'asar ya yi tsalle zai sa wa ƙwallo kai, da ya sauko sai ya dira a kan ƙafar abokinsa, tasa ƙafar ta lanƙwashe ta ciki. Ya tashi da kansa yana ɗingishi har gida. Da daddare mahaifiyarsa, saboda tausayi irin na uwa, ta dafa ruwa ta gasa masa wurin sosai, ta mulke da man zafi, wani maƙwabci kuma ya shigo ya ja ƙafar wai yana gyara targaɗen. Washegari da na je dubiya idon sawun ya yi suntum, fatar har sheƙi take, silifas ma ya ƙi shiga, yaron kuma ya ce bai runtsa ba. Na ce mata Umma, da ƙanƙara aka sa masa jiya maimakon ruwan zafi da ya samu barci. Ta kalle ni ta ce ƙanƙara kuma? Ai sanyi zai shige masa ƙashi.

Wannan maganar tata ce ta sa nake rubuta wannan, domin nasan ba ita kaɗai ke da wannan tsoron ba, kusan duk gidajenmu haka aka taso, ciwo ya samu a gasa, a murza, a ja. Toh gashin ruwan ɗumi yana da ranarsa, zan zo kansa, amma ba ranar farko ba.

Abin da ke faruwa a ciki shine, lokacin da ka yi targaɗe ko ka bugu, zaruruwan da ke riƙe gaɓa ko tsoka suna yagewa kaɗan ko da yawa, ƙananan hanyoyin jini su fashe, jini da ruwa su riƙa tsiyaya suna taruwa a wurin, shine kumburin da kake gani. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, kaga kenan ka ƙara wa famfon da ke yoyo ƙarfi, murzawa kuma tana ƙara yaga abin da ya riga ya yage. Sanyi akasin haka yake yi, yana tsuke hanyoyin jinin na ɗan lokaci, sannan yana rage saurin saƙon zafi da jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa, shi yasa bayan ƴan mintuna zaka ji zogin ya lafa. Iyakar aikinsa kenan fa. Ƙanƙara bata ɗinke abin da ya yage, bata ɗora ƙashi, sauƙi take baka kafin jiki ya yi nasa aikin.

Mataki na farko: ka tabbatar ciwon na gida ne

Kafin ka aika a siyo ƙanƙara, ka zaunar da mutumin ka duba wurin da idonka. In ka ga gaɓar ta karkace, ko ƙashi ya turo fata, ko an ji ƙarar ɓas lokacin da abin ya faru kuma ƙafar ta ƙi ɗaukarsa sam, ko yatsun sun yi fari ko sanyi ko baya jinsu, wannan ba na gida bane, a tallafe wurin kada ya motsa a nufi asibiti. Ana iya ɗora sanyi a hanya don rage zogi amma kada ya zama dalilin zama.

Ga idon sawu musamman akwai gwaji mai sauƙi da likitocin birnin Ottawa na Kanada suka fitar a 1992, har yau da shi ake amfani a ɗakunan gaggawa wajen sanin wa ke buƙatar hoton ƙashi. Ka ce ya taka sau huɗu, ko da ɗingishi ne. Sannan ka danna da yatsa a bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefe da gefen idon sawu da kuma ƙarshensu na ƙasa, ka danna ƙashin gefen ƙafa na waje, wanda in ka bi layin ƙaramin yatsa baya zaka ji ya ɗan turo a tsakiyar ƙafa, da kuma wanda ya turo ta ciki sama da lanƙwasar tafin ƙafa. In ya kasa taku huɗun, ko ya zabura da ka danna kan ƙashin kansa, toh a je a ɗau hoto. Wanda ke Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, sauran garuruwa kuma babban asibiti ya wadatar. Ni dai roƙona, ko da a ƙarshe gidanku wajen mai ɗori suke zuwa, a fara ganin hoton tukuna, a san da me ake fama.

Mataki na biyu: wa bai kamata a sa wa ƙanƙara ba

Nan zan daɗe, domin a nan ake ganganci. Na farko kuma mafi girma a wajenmu shine mai ciwon sikila. Najeriya ce ƙasar da aka fi haifar yara masu sikila a duniya, da wuya ka samu unguwar da babu, kuma sanyi yana daga cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwon, saboda hanyar jini in ta tsuke ƙwayoyin jininsu masu lanƙwasa sai su maƙale. Duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai sikila lokacin hunturu ya san abin da nake faɗa. Saboda haka mai sikila in ya yi targaɗe ko ya bugu kada a sa masa ƙanƙara, a hutar da wurin, a ɗaga, a bashi ruwa ya sha sosai, a tuntuɓi likitansa. Ni yanzu duk yaron da zai shigo ƙungiyarmu sai na tambayi iyayensa wannan tun ranar farko.

Na biyu mai ciwon suga da ya daɗe, musamman wanda ƙafafunsa ke masa kamar ana tsira allura ko kuma baya jinsu sosai. Shi ƙanƙara zata iya ƙona masa fata bai sani ba, kuma kowa ya san yadda gyambo ke wahalar warkewa a ƙafar mai suga. Haka duk wurin da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa har ji ya ragu, haka wanda likita ya ce jini baya gudana sosai a ƙafafunsa, da wanda in ya taɓa ruwan sanyi yatsunsa kan yi fari fat ko shuɗi suna zogi, da wanda sanyi ke sa fatarsa ta yi rudu-rudu da ƙaiƙayi. Jariri da tsoho tukuf fatarsu bata da kauri, su tsumma mai ruwan sanyi ya ishe su.

Sannan akwai raunukan da ba na ƙanƙara bane kwata-kwata. Buɗaɗɗen rauni mai jini wankewa yake so da dannewa da tsumma mai tsabta. Ƙuna, ta ruwan zafi ce ko ta mai ko ta salansar mashin, ruwan famfo ko na randa ake kwarara mata na kamar minti 20, ƙanƙara tana ƙara lalata fatar da ta riga ta ƙone. Saran maciji shima ba a sa masa, asibiti kawai.

Mataki na uku: haɗa ƙanƙarar

Mafi kyau ita ce dakakkiyar ƙanƙara. Ka samu bulo ɗaya wajen masu sayarwa, ka naɗe shi a tsohon zani ko buhu mai tsabta ka bubbuga da taɓarya har ya zama ƙanana kamar tsakuwa, ka zuba a leda kamar cikin kofi biyu zuwa uku, ka ƙara ruwa kaɗan, ka matse iskar ciki ka ƙulle, sai ka sake saka ta cikin wata ledar saboda yoyo. Dalilin dakawa da ƙara ruwan shine ledar ta yi laushi ta kwanta ta zagaye gaɓar, domin idon sawu ko gwiwa ba shimfiɗaɗɗen wuri bane, dunƙulen ƙanƙara wuri ɗaya kawai zai taɓa ya matsa. Akwai kuma dalili na biyu, ƙanƙarar da ta fara narkewa cikin ruwa tana tsayawa ne a digiri sifili, ita kuwa wadda aka ciro yanzu daga firiza mai ƙarfi tana iya kai digiri 18 ƙasa da sifili, ita ce ke manne wa fata ta ƙona.

In fiya wata mai ƙanƙara ka samu, wanda shine mafi sauƙin samu a shagon unguwa, shima yana yi, ka bubbuga shi ya farfashe a cikin ledarsa ko ka barshi ya ɗan saki, guda biyu ɗaya ta kowane gefe. Manyan kemis suna sayar da wata ƴar jaka mai kauri a ciki da ake ajiyewa a firiza, tana da kyau ga mai wuta ko sola, sai dai ita tafi buƙatar tsumma mai kauri tsakaninta da fata.

Toh in babu wuta, babu mai sayarwa kusa, ko lokacin azumi ne da ƙanƙara ke zama gwal, kada ka ce shikenan bari a gasa. Ruwan randa ko tulu da ya kwana yana da sanyinsa, ka tsoma tawul ka ɗan matse ka ɗora, da ya ɗumama ka sake tsomawa, kamar kowane minti biyu zuwa uku. In ƙafa ce ko hannu ka zuba ruwan a bokiti a tsoma. Bai kai ƙanƙara ba amma yana rage zogi, kuma bashi da hatsarin ƙona fata. Kwalbar lemo mai sanyi ma na taɓa amfani da ita a fili kafin a kawo ƙanƙara.

Mataki na huɗu: ɗorawa

Ka cire zobe, agogo, awarwaro ko takalmi tun kafin kumburi ya hana su fita, wannan mutane suna mantawa sai zobe ya nutse a yatsa. Ka kwantar da mutumin. Ka jiƙa siririn tawul ko ɗankwali ko hankici ka matse, ka shimfiɗa a kan wurin, sannan ledar ƙanƙara a sama. Kada ƙanƙara ta taɓa fata tsirara. Jiƙaƙƙen tsumma yafi busasshe isar da sanyin, busasshen tawul mai kauri kuwa sai ka gama minti ashirin sanyin bai kai ko'ina ba.

Ka duba agogon wayarka, ko ma ka saita ƙararrawa, minti 15 zuwa 20 ga babba a wuri mai nama kamar cinya ko gwiwa, minti 10 ga yaro da kuma wuraren da ƙashi ke kusa da fata kamar yatsu, ƙwauri da wuyan hannu. Abin da zai ji yana zuwa a jere ne, da farko sanyi, sai wani ɗan raɗaɗi kamar ƙuna, sai tsami-tsami a ciki, daga nan sai wurin ya yi kamar ba nasa ba. Ka faɗa masa wannan tun farko, musamman yaro, don kada ya fizge a minti na uku lokacin raɗaɗin. Da zarar ya ce baya jin wurin toh a cire ko lokaci bai cika ba. Bayan minti biyar na farko ka ɗaga ka leƙa fatar. Ga mai hasken fata ja kaɗan ba komai bane, ga mu masu duhun fata kuwa canjin launi baya fitowa sosai, saboda haka ka taɓa da yatsa, in ta yi tauri kamar kakin zuma, ko ta yi toka-toka ko fari, ko ƙuraje sun taso, a daina nan take, a bar wurin ya ɗumama da kansa ba tare da murzawa ko ruwan zafi ba.

Wurare biyu ka yi hattara da su, gefen gwiwa na waje ƙasa kaɗan inda wani ɗan ƙashi ya turo, da kuma bayan gwiwar hannu ta ciki, inda in ka bugu kake jin kamar lantarki har ƙaramin yatsa. Manyan jijiyoyi ne ke wucewa dab da fata a nan, in aka ɗaure musu ƙanƙara ta daɗe ana iya samun ƙafa ta riƙa jan ƙasa ko yatsu su mutu na wani lokaci. Kuma dan Allah kada a yi barci da ƙanƙara a jiki, yawancin ƙunar sanyi daga nan take, mutum ya ji daɗi barci ya sace shi.

Bayan ka cire, ka bar fata ta dawo daidai, a ƙalla awa biyu, sannan a maimaita. Kowane awa biyu zuwa uku a ranar farko matuƙar yana farke, rana ta biyu a rage zuwa sau uku ko huɗu, ko kuma duk lokacin da zogin ya taso. In kana son abin da zaka riƙa tunawa da shi, bayan kowace sallah sau ɗaya, banda magariba, ya yi daidai da rana ta biyu.

Mataki na biyar: ɗauri da ɗagawa

Gaskiya a wajen rage kumburi waɗannan biyun basu gaza ƙanƙara ba, wataƙila ma sun fi ta. Ka siyo bandeji mai talewa a kemis, irin mai ruwan ƙasa ɗin nan, ka fara naɗewa daga gindin yatsu kana hawowa sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, ka wuce inda ciwon yake da kamar faɗin tafin hannu. Ya kama amma kada ya shaƙe, yatsanka ɗaya ya iya shiga ƙarƙashinsa, yatsun ƙafar kuma a barsu a waje ana ganinsu. In sun kumbura, sun yi sanyi, ko suna tsitsira, ka kwance ka sake. Da dare a cire. Ɗaurin da ya matse fiye da kima yana iya kashe ƙafa ɗungurungum, kuma likitocin ƙashi a ƙasar nan sun sha yanke hannu ko ƙafar yara saboda ɗaurin kara da aka tamke, wannan ba abin wasa bane.

Ɗagawa kuma ana nufin wurin ya fi ƙirji tudu. Zama a kujera da ɗora ƙafa kan ƴar kujerar tsugunno bai isa ba, ya kwanta a tabarma ko katifa a jera filo biyu ko uku ƙarƙashin ƙafar tun daga sha-raɓa, ko ya jingina ta da bango. Sallah ma ya yi ta a zaune kwana biyun nan in durƙuso na fama masa ciwon, addini ya bada wannan sauƙin. In zogi ya hana sakat farasitamol ya isa ga mafi yawan mutane, a bi yadda aka rubuta a kwalin. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi da ake haɗawa barkatai a kemis kuwa, mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita.

Yaushe za a daina

Kwana biyu zuwa uku, shikenan. Wani likitan wasanni ɗan Amurka, Gabe Mirkin, shine ya fito da taƙaitaccen sunan nan na Turanci RICE a 1978, wato hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗagawa, duniya ta ɗauka. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan sa ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa, domin kumburin nan da muke gudu wani ɓangare ne na gyaran da jiki ke yi, ta cikinsa ƙwayoyin da ke share abin da ya lalace suke isowa. Ni yadda na fahimci maganar, kuma yadda nake yi da yarana, ƙanƙara ta rage zogi ce da hana kumburi wuce gona da iri a farkon lamari, ba abin da zaka yi sati biyu kana yi ba. In ciwon kaɗan ne kuma baya damunka sosai, ko baka sa ba babu laifi.

A cikin kwana ukun nan abubuwan da zaka guje wa su ne gashi, man zafi, murza, ja, tsaga ko ƙaho a kan kumburin da sunan fitar da mataccen jini, da komawa fili ko hawa mashin da ƙafar. Wannan na ƙarshen yana da tarko, sanyi yana ɓoye zafi, yaro sai ya ji garau bayan an cire ƙanƙara ya ce Koci a mayar da ni, alhali gaɓar bata jin kanta sosai a lokacin, nan ne ƙaramin targaɗe ke zama babba. Feshin nan da kuke gani ana yi wa ƴan wasa a talabijin shima fata kawai yake sanyayawa na ɗan lokaci.

Daga rana ta uku ko ta huɗu, in kumburi ya daina ƙaruwa kuma wurin baya zafi in ka taɓa, toh yanzu ne lokacin gashin Umma, ruwa mai ɗumi ba tafasasshe ba, minti 15, sannan motsi a hankali. Ga idon sawu ya riƙa jujjuya ƙafar yana rubuta haruffa a iska da babban yatsa, ya riƙa takawa gwargwadon abin da zai iya, daga baya ya koyi tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, domin wannan ne ke hana targaɗen dawowa. Baƙi-baƙi ko shuɗin da zai sauko gefen ƙafa har yatsu tsohon jini ne ke bajewa, yana wucewa. Amma in bayan kwana biyar zuwa sati ba sauƙi, ko zogin ƙaruwa yake, ko wurin ya yi tauri kamar dutse da azabar da ta fi ƙarfin raunin, ko zazzaɓi ya shigo, ko sha-raɓa ta kumbura ita kaɗai tana zafi, a je asibiti ranar.

Ƙululun goshin yara shima sanyi yake so, tsumma mai sanyi minti 10, ba a murza shi da tafin hannu ko bayan cokali da ƙarfi. Sai dai ido ya kasance kan yaron fiye da ƙululun, in ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi har tashinsa na wuya, ko ya rikice, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a bar maganar ƙanƙara a ɗauke shi. In kusa da ido ne aka bugu, a ɗora a ƙashin da ke kewaye, kada a danna ƙwayar idon.

Shi yaron namu hoto ya nuna ba karaya, amma sai da ya yi kusan sati shida kafin ya dawo atisaye. Tun daga lokacin ƙaramar kula nake zuwa da ita fili, a ciki akwai fiya wata huɗu masu ƙanƙara, bandeji biyu, tsofaffin ɗankwalaye biyu da aka wanke da ƴan ledoji, a murfin kuma na manna takarda da sunayen yaran da ba a sa wa ƙanƙara.